Tsimin masarar OGM ga tumaki: abin da bincike ya gano, da abin da mai turka ya kamata ya lura da shi

Tun da anka fitar da irin masarar TELA a Najeriya a watan Janairun 2024, tambaya guda ke ta dawowa daga masu turka na jahar Maraɗi da Damagaram: in wagga masara ta ƙetaro iyaka, ƙwayarta ko karanta, a ba tumaki ko kar a ba su? Wasu sun ji ana cewa tana kashe tsutsa, sai sunka ce abin da ya kashe tsutsa ai ba ya barin rago lafiya. Wasu kuma sun ɗauka wata masara ce ta musamman da za ta cika rago da kitse cikin wata guda. Duka biyun ba haka ba ne. Gwajin da anka yi da tumaki su kansu ya nuna tsimin masarar OGM daidai yake da na masarar da ba a taɓa ba wajen ciyarwa: bai fi shi ba, bai kasa shi ba. Abin da ke sa rago ya yi ƙiba ko ya kwanta ciwo yana cikin yadda anka yi tsimin da abin da anka haɗa mashi.

Mene ne tsimi, mene ne OGM

Tsimi shi ne abin da ma'aikatan kiwo ke kira ansilaji. Ana sare masara tana ɗanya, da kara da ganye da goyonta duka, a daddatsa ta ƙanana, a danne cikin rami ko buhun leda, a rufe ruf yadda iska ba ta shiga. Ƙwayoyin bakteriya da ke jikin ganyen sai su cinye zaƙin da ke cikin karan, su mayar da shi tsami irin na nono. Tsamin nan shi ke hana cimakar ruɓewa, har ta kai wata shida ko shekara tana nan da ɗanyantakarta. Ke nan dabba na iya samun ɗanyen haki cikin bazara, lokacin da daji ya zama ƙura.

OGM kuwa taƙaitawa ce ta Faransanci, a Najeriya suna cewa GMO. Shuka ce da masana sunka sa ma wata ƙwayar gado daga wata halitta dabam. Wadda ta shafe mu nan ita ce masarar Bt. Sunan ya fito daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ke yin wani furotin mai kashe tsutsa. Ba sabon abu ba ne ga manoma: tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, kuma har yau masu noman da ba sa amfani da maganin kemikal suna fesa ta. Abin da ya canza a 1996, lokacin da anka fara noman masarar Bt a Amurka, shi ne shukar da kanta ke yin furotin ɗin cikin ganye da kara.

To me ya sa yake kashe tsutsa bai kashe rago? Cikin tsutsa ba shi da tsami, irin ruwan toka ne, kuma bangon hanjinta yana da wasu wurare da furotin ɗin ke maƙalewa ya huda shi. Tunkiya ba ta da waɗannan wuraren maƙalewa. Furotin ɗin in ya shiga tumbinta, bakteriyar tumbi su fara farfasa shi, abin da ya rage ya tarar da tsamin ciki, ya narke kamar furotin na wake ko na gujiya.

Gwajin Lusignan

Binciken da anka fi ambata kan wanga batu an yi shi a tashar INRA ta Lusignan, kusa da Poitiers a yammacin Faransa, ƙarƙashin jagorancin Yves Barrière, an kuma buga sakamakon a 2001. Sun shuka iri biyu na masara da ke kamar tagwaye: ɗaya ta gargajiyar kamfani, ɗayar ita ce dai amma an sa mata ƙwayar Bt176 mai kare ta daga tsutsar kara ta Turai. Sunka yi tsimin kowace dabam, sunka ba tumaki irin Texel da shanun nono irin Holstein.

Yadda ake gwajin yana da sauƙin fahimta ga duk mai kiwo. Ana sa rago cikin keji shi kaɗai. A auna abin da anka zuba mashi, a auna abin da ya bari, a tara kashinsa duka a busar a auna. Abin da ya shiga bai fito ba, shi ne jiki ya narkar. Shi ya sa a Faransa rago ne ma'aunin cimakar bisashe: ƙarami ne, ba shi da wuyar riƙo, kuma alƙaluman da ake samu da shi ake rubutawa cikin littattafan da har masu shanu ke aiki da su.

Sakamakon: raguna sun narkar da wajen kashi 67 cikin 100 na tsimin, ko na Bt ne ko na tagwayensa. Ɓangaren zare, wato ƙaiƙayin kara da ganye wanda ya fi wuyar narkewa, shi ma kusan rabi a duka biyun. Shanun ma nononsu bai bambanta ba, da yawansa da maiƙonsa.

Akwai wani abu cikin wanga gwaji da ba a cika faɗa ba, alhali shi ya fi amfani ga mai kiwo. Masanan sun sa wasu irin masara uku da ba OGM ba, waɗanda anka riga anka san darajarsu: mai rauni, matsakaiciya, da mai kyau ƙwarai. Sun yi haka don su tabbatar ma'aunin nasu na iya ganin bambanci in akwai shi. Mai kyau ƙwaran ita ce irin da ake kira bm3, mai jan jijiya a tsakiyar ganye, wadda karanta ke da taushi don ba ta da yawan itacen da ke sa kara tauri. Ita ba a sa mata komi ba, haka nan ta fito a gona. Ma'ana, tazarar da ke tsakanin irin masara biyu na yau da kullum na iya fin tazarar da ke tsakanin masarar Bt da tagwayenta nesa ba kusa ba.

Abin da anka gani a wasu ƙasashe

A Jamus, cibiyar binciken noma ta tarayya da ke Braunschweig ta yi irin wanga gwaji tun 1999, da raguna da kuma bijiman turka, ba ta ga bambanci ba. A 2001 wasu masana biyu a Amurka sun ce sun tarar karan masarar Bt ya fi tauri, abin da zai iya rage narkewa; da wasu sunka sake aunawa a Minnesota a 2004 ba su tarar da hakan ba.

Gwajin Lusignan gajere ne, kuma masu shakka sun yi gaskiya da sunka ce makonni kaɗan ba su isa a san abin da zai faru ga tunkiya mai haihuwa ba. Masanan jami'ar Perugia ta Italiya sun ɗauki wagga tambaya. Shekara 3 suna ba tumaki mata 53 da ƴaƴansu cimaka mai ɗauke da masarar Bt176, suna gwada su da wani garke mai cin masarar da ba a taɓa ba. Sakamakon ya fito a 2008: nauyi, haihuwa, jini da bakteriyar tumbi duk ɗaya. Ba a tarar da ADN na Bt cikin nama ko jini ba. Amma sun ga wasu ƴan abubuwa da madubin likita, kuma ba su ɓoye ba: ƙwayoyin bangon tumbi sun fi saurin sabuntawa ga masu cin Bt, tsakiyar ƙwayoyin hanta da saifar zaƙi na ƴan ragunan ta ɗan fi ƙanƙanta, kuma tumakin Bt sun fi amsa wata allurar rigakafi da kyau. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya zama ciwo ko ramewa. Masu adawa da OGM kan ɗauki wanga ɓangare kaɗai su yaɗa, masu talla kuma su tsallake shi. Mu dai gara ku ji duka.

Shi tsimi ma yana da nashi aiki a nan. A jami'ar Leeds ta Ingila, a 2003, an bi sawun ADN na masarar Bt cikin bakin tunkiya da tumbinta. Ga wadda ta ci ƙwayar masara, an tarar da dogon guntun ƙwayar gadon cikin ruwan tumbi har awa 5 bayan ci. Ga wadda ta ci tsimi, dogon guntun bai bayyana ba sam, sai ƴan gutsattsari da sunka ɓace bayan awa 3. Tsamin rami ya riga ya farfasa shi kafin ya kai bakin dabba. Furotin ɗin Bt ma haka yake raguwa cikin rami mako bayan mako.

Hotunan ɓeraye masu ƙari da ke yawo a WhatsApp kuwa daga wani bincike ne na Gilles-Éric Séralini na jami'ar Caen, a 2012. Ɓeraye ne ba tumaki ba, masarar kuma wata iri ce mai jure maganin haki. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, don ɓerayen sun yi kaɗan kuma irinsu kan yi ƙari da kansu in sun tsufa. Gwaje-gwajen da Tarayyar Turai da gwamnatin Faransa sunka biya daga baya ba su ga abin da ya ce ba.

Sai dai a riƙe wannan: OGM ba abu guda ba ne. Bt176 da anka gwada a Faransa da Italiya ta daɗe da barin kasuwa, an janye ta daga Turai a 2007. TELA ta Najeriya wasu furotin na Bt ne ke cikinta, da kuma ƙwayar jure fari. Kowace iri hukuma kan duba ta ita kaɗai kafin a ba ta izini.

Inda bambancin yake: a gona

In babu tsutsa, masarar Bt ba ta da wata fa'ida. In akwai tsutsa, labari ya canza. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Afirka ta Yamma daga nahiyar Amurka, duk wanda ya noma masara a fadama ya san yadda take mayar da ganye kamar rariya. Shukar da tsutsa ta ci ba ta ba da nauyi, goyonta ƙarami ne, kuma goyon nan shi ne rabin ƙarfin tsimi. Ban da haka, duk inda tsutsa ta huda, nan hunhuna ke shiga, wasu nau'insa kuma suna barin dafi cikin ƙwaya. Wani nazari da anka buga a 2018, wanda ya haɗa sakamakon gonaki na shekara 21, ya tarar masarar OGM ta fi tagwayenta amfani da kashi 5 zuwa 24 cikin 100, dafin hunhuna kuma ya ragu da kusan kashi 29. To in an ga ragon da ya ci tsimin Bt ya fi wani, ba wani sirri ke cikin ƙwayar gadon ba, masarar ce ta kai rami da lafiyarta.

Abin da tsimin masara ke da shi, da abin da ba shi da shi

Ko OGM ko ba OGM ba, lissafin guda ne. Tsimi mai kyau kashi biyu cikin uku ruwa ne. Kilo 3 na tsimi, in an cire ruwa, kilo 1 ne na cimaka. Mutane da yawa nan suke ruɗewa: su ga kwano ya cika, su ɗauka rago ya ƙoshi.

Ƙarfi kam akwai shi, don garin ƙwaya ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na busasshen nauyi, ya fi karan hatsi da busasshen haki nesa. Furotin ne babu: kashi 7 zuwa 8 kacal, alhali ragon turka mai girma yana son 12 zuwa 14, tunkiya mai shayarwa ma fiye. Sinadarin ƙashi, wato kalsiyam, shi ma kaɗan ne. Ragon da anka ɗaure kan tsimin masara zalla zai rayu, amma ba zai yi naman da mai saye ke taɓawa a kasuwa ya jinjina kai ba.

Abin daɗi, abin cike giɓin muna da shi a gida. Harawar wake ko ta gujiya mai ganye tana kawo furotin da kalsiyam tare. Tunkuzar gujiya furotin ɗinta ya wuce kashi 40. Akwai ƙwaryar auduga da anka matse, akwai kowar wake, akwai ƴaƴan gawo. Ga misali: balami mai kilo 40 kan ci busasshiyar cimaka wajen kilo 1 da kwata zuwa 1 da rabi a yini. Ana iya ba shi tsimi kilo 2, harawa rabin kilo, da giram 300 na dussa haɗe da tunkuza, ga ruwa mai tsabta da gishirin lasa. A kula da dussa: tana da fosfor da yawa, in ta haɗu da tsimi babu harawa, raguna maza kan yi tsakuwar mafitsara, fitsari ya tsaya. Kuma kar a juya ma dabba cimaka dare ɗaya. A fara da ɗan tafi guda, a riƙa ƙarawa cikin kwana 10 zuwa 14, don bakteriyar tumbi su saba. In ba haka ba tumbi ya yi tsami, zawo ya biyo.

Da wanga lissafi, turkar wata 3 kafin layya tana son tsimi kilo 180 ga rago guda. Rami mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi, in an tattake shi da kyau da ƙafa, yana ɗaukar wajen kilo 500.

Haɗarin da ya fi OGM kusa da garkenku

Tsimin da ya lalace yana kashe tumaki, kuma tumaki sun fi shanu saurin kamuwa. Cutar ana kiranta listeriyoz. Ƙwayarta cikin ƙasa take. Tsimin da ya yi tsami sosai, wanda ma'aunin pH ɗinsa ya sauka wajen 4, ba ta iya yaɗuwa cikinsa. Amma inda iska ta shiga, ta gefen rami, ta saman tuli ko ta hudar da ɓera ya yi ma leda, tsamin ya kan ragu ya haura 5, nan take hayayyafa. Bayan kwana 10 zuwa mako 3 da ci, sai a ga tunkiya ta ware daga garke, tana kewayawa ta gefe guda, kunne ɗaya ya faɗi, miyau na zuba, abinci na maƙale a kunci. Mai ciki kan yi ɓari. In alamun sun bayyana lokaci kaɗan ne, yini ɗaya ko biyu, don haka a kira likitan dabbobi nan take, a kuma dakatar da tsimin ga sauran.

Rigakafin yana hannun mai yin tsimi. A sare masara sa'ad da ƙwaya ta wuce nono ta fara tauri, farce na shiga amma ruwa ba ya tsartowa. A bar kamar santimita 15 zuwa 20 na gindin kara a gona, don ƙasa na nan maƙale. A datsa gajeru, santimita 1 zuwa 2. Dogayen gutsattsari ba su dannuwa, kuma tunkiya mai zaɓe ce, za ta tsince ƙwaya ta bar kara. A damƙi tafi guda a matse: in ruwa ya ɗiga, ya yi ɗanye da yawa, a bar shi ya sha iska, in ya watse da zarar an buɗe hannu, ya bushe da yawa. A shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kaɗan-kaɗan ana tattakewa, a gama a rufe rana guda, a ɗora ƙasa bisa. Kar a buɗe kafin mako 3, in an kai 6 ya fi.

Mai kyau launinsa kore-kore ne mai ɗan rawaya, ƙamshinsa tsami-tsami mai daɗi. Wanda ya yi baƙi, ko yauƙi, ko wari, ko fari-farin hunhuna, a zubar, kar a ce bari a ba tsohuwar tunkiya don kar a yi asara. Da zafin ƙasarmu, tsimin da anka buɗe yana fara ɗumi cikin yini ɗaya ko biyu. Shi ya sa ga mai rago biyu ko uku, kamar yawancin matan da ke turka cikin gida, ƙananan buhunan leda da ake cinye kowane cikin kwana biyu sun fi babban rami.

Mu nan Nijar

A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na masarar da ake nomawa OGM ce, a Afirka ta Kudu fiye da 80, kuma bisashensu sun shekara fiye da 20 suna cin ta. Faransa, wadda masananta sunka yi gwajin Lusignan, ta hana noman masarar Bt a ƙasarta tun 2008, bisa dalilan muhalli. Burkina Faso ta noma audugar Bt daga 2008, ta bari a 2016 don zaren ya gajarce, farashinsa ya faɗi a kasuwar duniya. A Najeriya cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ita ta fitar da irin TELA guda huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, bayan waken SAMPEA 20-T na 2019.

Nijar na cikin yarjejeniyar Cartagena, kuma tana da doka tun 2019 kan kariya daga haɗarin irin waɗannan halittu. Shigo da irin OGM don shukawa ba abu ne da mutum zai yi da kansa ta Ɗan Isa ko Magarya ba, sai da izinin hukuma. Mai son iri ya bi ta ma'aikatar gidan gona ko INRAN. Ko ba don doka ba, TELA irin aure ce: in an shuka ƴaƴanta a shekara ta biyu amfanin kan faɗi, dole a sayi sabon iri kowace damana, kuma wanga kuɗi shi ma ya shiga lissafin ragon.

Sannan masara shukar ruwa ce, tana son milimita 500 zuwa 800. Inda take yi a ƙasarmu sanannu ne: Gaya da bakin kogin Kwara, gulbin Maraɗi da gandun Jiratawa, gandun Ƙonni, bakin Komadugu a Diffa. Ko a can, wanda ya sare masara da goyonta ya zuba a rami ya haƙura da tuwonta da kuɗin gasasshiya. Abin da ya fi dacewa da mai garka shi ne ya sayar da ɗanyen goyo, ya yi tsimi da koren karan da ya rage a ranar. Ƙarfinsa bai kai na mai goyo ba, sai an ƙara dussa, amma ya fi ƙarfin karan da anka bari rana ta cinye. A tudu kuwa, inda ruwa bai kai ba, dawa ita ce masarar tsimi. Hanyar yi ɗaya ce, lokacin sara ɗaya ne, sa'ad da ƙwaya ta fara tauri. Dawa ƙarama ko wadda ta sake toho bayan sara tana da dafi, don haka kar a kai ma tumaki ita ɗanya daga gona. Cikin rami dafin yana raguwa sosai, amma ramin dawa a bar shi mako 6 cikakku kafin a buɗe.